Photopea da hoton Kaka: abin da na gani wajen bula da noyis

Wata shida ke nan ina aiki da Photopea kusan kullum, kuma tunda yaran Aboabo da Asawase a nan Kumasi sun dame ni da tambayar wace manhaja nake yin fosta da bana da ita, na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba duk abin da ke cikinta zan taɓo ba dan abin da yawa. Filta iri biyu kawai zan yi magana a kai, wadda ke sa hoto ya yi dishi-dishi da muke cewa bula, da wadda ke ƙara ko rage tsaki-tsakin nan na cikin hoto da muke cewa noyis. Su biyun nan ne suka sa na ji kunya a gaban mahaifiyata, su ne kuma daga baya suka fid da ni.

Ga wanda bai santa ba, Photopea ba a saukar da ita a kwamfuta, a burawza kake buɗe ta kamar yadda kake buɗe Facebook. Mutum ɗaya ne ya gina ta, Ivan Kutskir, haifaffen Yukren mazaunin birnin Prag, ya fara sakin ta a 2013, shekarar da Adobe suka koma tsarin biyan kuɗi wata-wata. Wanda ya taɓa riƙe Photoshop ba zai ɓata a ciki ba ko kaɗan, menu ɗin kusan wuri ɗaya suke, leya, wato shimfiɗun hoto da ake ɗora wani kan wani, da mask, wato abin da ke ɓoye wani sashe ya nuna wani, duk suna nan, Ctrl da J na kwafe maka leya kamar yadda ka saba, kuma tana buɗe fayil ɗin Photoshop, wato PSD, da leyoyinsa. Kyauta ce, sai dai talla na zaune a gefen dama ta cinye maka wani yanki na sikirin, in kana so ta tafi sai ka biya. Abin da ya fi burge ni shi ne hoton ba ya zuwa ko'ina, a cikin kwamfutarka ake aikin, saboda haka data ba ta ƙonewa kamar yadda mutane ke tsoro, kuma in shafin ya riga ya buɗe ko netwok ya ɗauke kana ci gaba da aikinka matuƙar ba ka rufe shi ba. Laftof ɗina tsohuwa ce, sakan han na saye ta a Adum, ram ɗinta 8, kuma tana jan ta lafiya in ban buɗe shafuka goma a gefe ba.

To yanzu ga abin da ya faru.

Kakata ta wajen uwa ta rasu bana, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Da aka zo shirin adu'ar arba'in gida suka ce ni zan yi bana da za a rataya jikin kanofi, da ƙananan katin da za a raba wa mutane. Hoton da Mma ta zaɓa tsoho ne ƙwarai, na situdiyo, baƙi da fari, tun zamanin mulkin Acheampong a Ghana lokacin Kaka tana cikin cinikin goro da ƙarfinta. Girmansa bai wuce tafin hannu ba, gefe ɗaya ya karye, fuskar takardar duk ƙarzuwa da ɗige-ɗigen fari, ga wani tabon ruwa a sama. Na kai aka yi mini sikan a 600, wato fiksel 600, ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, a kowane inci, dan hoto mai inci uku da rabi da inci biyar in ka yi shi a 600 zai ba ka fiksel 2100 da 3000, wannan ya isa a yi aiki. Kar ka yarda a ɗauka maka da waya a turo ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi ake yi, in ka zuƙo sai ka ga fuskar ta koma ƙananan murabba'ai, wannan aikin JPEG ne da ke yanka hoto gida-gida fiksel 8 da 8. In dole sai ta WhatsApp to a turo shi a matsayin dokumen.

Da na buɗe shi na zuƙo ɗari bisa ɗari sai na ga tsaki ko'ina kamar an watsa gero. A lokacin tunanina duk wani tsaki datti ne, aikin mai gyara shi ne ya share. Na shiga wajen noyis na ɗauki filtar rage shi na ja ta kusan ƙarshe, na bi da midiyan, na ƙara da safes bula mai sumulta fili ta bar gefuna a kan fatar, na kuma wanke bayan hoton da Gausiyan bula mai kauri. Wallahi a sikirin ya yi sumul, ni kaina na ji daɗi. Da daddare bayan isha'i na kai wa Mma laftof ɗin ɗakinta, Gwaggo ma tana nan suna ƙulla kayan sadaka a leda.

Mma ta sa tabarau ta duba, ta daɗe ba ta ce komai ba. Sai ta ce, "Babana, wannan wace ce?"

Na ce, "Mma, Kaka ce mana, gyarawa na yi."

Ta sa yatsa a kan kumatun hoton ta ce, "Ina billenta? Uwata tana da bille a nan. Ina ɗan layin da ke goshinta in ta ɗaure fuska?" Gwaggo ta leƙo ta ce wannan kamar 'yar tsanar shago, ba uwarsu ba ce, haka ta faɗa har muryarta na rawa. Na rufe laftof ɗin na fita. Daren nan ban yi barcin kirki ba, dan billen nan da shi muka san ta tun muna yara, kuma da hannuna na goge shi ban ma lura ba.

Ba laifin manhajar ba ne, abin da na ce ta yi shi ta yi. Filta ba ta san bambancin ƙura da bille ba. Abin da bula ke yi shi ne ta ɗauki kowane fiksel ta gauraya shi da maƙwabtansa, ita Gausiyan tana ba na kusa nauyi fiye da na nesa, sunan ma daga Carl Friedrich Gauss ne, masanin lissafi Bajamushe da ya rasu a 1855. Radiyos ɗin da kake ja shi ne faɗin unguwar da za a gauraya. Midiyan kuma ba ta gaurayawa, jera maƙwabtan take yi daga mai duhu zuwa mai haske ta ɗauki na tsakiya, shi ya sa take kashe ɗigon fari guda ɗaya tak ta bar gefen fuska da kaifinsa. Amma siririn layi kamar bille ko gashin gira, a wajenta shi ma ɗigo ne da ya fita daban da jama'a, sai ta haɗiye shi. Duk abin da ya kai ƙanƙantar radiyos ɗinka to ya tafi.

Allah ya taimake ni ban taɓa asalin sikan ɗin ba. Washegari na sake daga farko, kuma nan ne na ga amfanin Photopea na gaske. Na mai da leyar simat objek, ta haka duk filtar da ka sa tana zama a ƙarƙashin leyar kamar jeri, kana iya komawa ka rage ta ko ka kashe ta ko bayan kwana uku ne, kuma tana zuwa da mask nata. Na sa filtar ƙura da ƙarzuwa, radiyos 2, na ɗaga tireshol ɗin a hankali har tsakin takardar ya dawo amma fararen ɗigon suka tafi. Tireshol ɗin nan shi ne sirrin filtar, yana cewa kar a taɓa fiksel sai ya bambanta da maƙwabtansa sosai. Sannan na cika mask ɗin da baƙi gaba ɗaya, dan baƙi na ɓoye aikin filtar fari kuma na nuna shi, na ɗauki farin burushi ƙarami na riƙa taɓa wuraren da ƙarzuwa take kawai, ɗaya bayan ɗaya. Ido, baki, bille, bakin mayafi, zanen atamfar, ban kusance su ba. Manyan karyewar kuma da burushin hilin, mai like wuri da launin gefensa, na bi su. Ya ci mini wajen awa huɗu, wancan na farko minti goma ne.

Bayan hoton kam dole a yi masa wani abu, dan labulen situdiyon ya lalace da tabon ruwa. A nan akwai kuskuren da nake gani a fostocin aure da suna a duk Zango: mutum ya kwafi leya ya zuba mata bula ya goge wajen mutumin, sai ka ga wani haske-haske ko inuwa ta zagaye kai da kafaɗa kamar hayaƙi. Dalili shi ne launin mutumin ya riga ya malala cikin bayan tun lokacin da aka yi bular. Maganinsa ka fara yanke mutumin ka ɗora shi a leyarsa shi kaɗai, ka koma leyar ƙasa ka cike gurbin da ya bari da launin bayan, ko da ba ka yi shi da kyau ba tunda za a rufe, sannan ka yi bula. Gefen zai fita tas. In kuma hoton na dare ne mai fitilu, irin na wajen walima ko maulidi, to Gausiyan ba ta dace ba, narkar da fitilun take yi su koma kamar kunu. Lens bula ce ke mai da su 'yan ƙawanya masu haske irin na kyamarar gaske, tana nan a Photopea, sai dai ta fi nauyi, a babban fayil za ka ɗan jira ta.

Na gama na dube shi, fuska ta dawo, bille ya dawo, amma wani abu bai zauna ba. Kaka tana da tsaki, bayanta sumul kamar gilashi, sai ta zama kamar an yanko ta da almakashi an manna. Ban gane maganin ba sai da na je Asafo.

Duk mai harkar bugu a Kumasi ya san Asafo, nan injinan suke. Akwai wani dattijo da nake kai wa aiki, Asante ne amma Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Zango dan a Alabar ya tashi. Na ce ya fara buga mini gwaji a ɗan yanki kafin a ɓata fileks, wato ledar da ake buga bana a kai. Da ya fito sai ya ɗauka ya kai bakin ƙofa wajen haske ya ce, "Malam, zo ka gani." Bayan hoton, inda ya tashi daga toka mai duhu zuwa mai haske, duk ya yi layi-layi kamar matakalar bene. A sikirin ɗina ban gansu ba sam.

Na ce, "Masta, injin ne ko?"

Ya ce, "Ba inji ba ne, ka wanke shi da yawa ne. Zuba masa yashi kaɗan."

Na ɗauka wasa yake, ashe gaskiyar ke nan. Hoto na yau da kullum mai bit 8 matakin haske 256 kawai gare shi a kowane launi, daga 0 zuwa 255. A ce bayanka ya tashi daga 40 zuwa 80, mataki 40 ke nan, in ka shimfiɗa su a bana mai faɗin mita 3 kowane mataki zai ci santimita bakwai da rabi da launi ɗaya cak, sannan ya yi tsalle zuwa na gaba, ido kuwa gwani ne wajen kama irin wannan layin. Tsakin da ke cikin hoto tun asali shi ke ɓoye tsallen, ni kuma na share shi da bula. In ka mayar da noyis kaɗan sai fiksel ɗin bakin layin su cakuɗe, wannan ya ɗan haura wancan ya ɗan sauka, layin ya narke.

A nan shagon nasa na buɗe Photopea a kwamfutarsu, ban sa komai ba ban cire komai ba, filas ɗina kawai na soka, wannan ma wani amfanin ne da ba a faɗa. Ga yadda na yi, kuma har yau haka nake yi: sabuwar leya a saman bayan, na cika ta da toka tsaka-tsaki wato 128 a ja da kore da shuɗi, na mai da yanayin haɗinta obale, sai tokar ta ɓace. Na zuba mata noyis, na zaɓi Gausiyan maimakon yunifom dan ya fi kama da na fim, na kuma danna monokurom. Wannan dannawar kar ka manta da ita, in ba haka ba ɗige-ɗigen ja da kore ne za su fito maka kamar talabijin ɗin da eriyarsa ta faɗi. Da yake noyis na kwamfuta fiksel ɗaya-ɗaya ne, kaifinsa ya fi na tsohuwar takarda, sai na bi shi da bula 'yar mitsitsiya, wajen 0.5, ya ɗan kumbura ya yi laushi. Daga nan na riƙa rage ƙarfin leyar ina kallon kumatun Kaka ina kallon bayan, a zuƙowa ɗari bisa ɗari, har tsakin biyu suka zama ɗaya. Dattijon na tsaye a kaina, da ya ce "ya isa" na tsaya. Gwaji na biyu babu layi ko ɗaya, kuma Kaka ta zauna cikin hotonta kamar nan aka ɗauke ta.

Ba ni da lamba ɗaya da zan ba ku in ce kullum ita za ku sa, dan ya danganta da girman fayil. Noyis kashi 2 a hoton da za a sa a sitatus daban yake da kashi 2 a bana mai fiksel dubu shida. Ka fara kai hoton girman da za a buga shi, sannan ka zuba noyis a ƙarshe, in ka zuba kafin ka rage girma narkewa zai yi, in kafin ka ƙara girma ne ya koma manyan tabo.

Hotunan waya na dare ma ina so in ce wani abu a kansu, tunda su ne rabin aikin da ake kawo mana. Sensar waya ƙarama ce, in haske ya yi ƙaranci sai ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haskenta, noyis ya taso. Iri biyu ne, akwai na launi, wato tabon ja da shuɗi da kake gani a inuwa da cikin baƙin mayafi, akwai na haske mai kama da yashi. Na launin shi ne mummuna, ka kashe shi da ƙarfi babu asara sosai. Na hasken kuwa ka rage kaɗan ka bar sauran. Fatarmu baƙa ce, tana da ƙyalli da ƙananan ramuka nata, in ka shafe su amarya sai ta koma roba, kuma wallahi yana ba ni haushi in ga an yi wa yarinya kyakkyawa haka a ranar aurenta har danginta na ƙauye su kasa gane ta a jikin bana. Filtar rage noyis ta Photopea tana wannan aikin daidai gwargwado. Hoton da ya lalace ƙwarai ba za ta dawo da abin da kyamara ba ta ɗauka ba, babu filtar da za ta yi.

Wani abu kuma, dan Allah a daina amfani da bula wajen ɓoye lambar Ghana Card ko risit ɗin MoMo kafin a sa a gurup. Bula ba ta goge bayani, baza shi take yi, kuma lambobi goma ne kacal daga 0 zuwa 9, mai naci zai iya gwada su ɗaya-ɗaya ya ga wacce ce in an yi mata bula take ba da irin wannan siffar. Tun 2020 akwai wata manhaja Depix da aka yi dan karanta rubutun da aka mai da murabba'ai, a 2007 ma 'yan sandan Jamus sun warware fuskar wani mai laifi da ya murɗe ta da filta, Interpol ta baza hoton aka kama shi a Tailan. Ka ja baƙin akwati mai kauri a kai, ka fitar da shi JPEG ko PNG, shi ke nan.

Wasu za su ce me ya sa ba GIMP ba, wata manhajar gyaran hoto da ake saukewa a kwamfuta. GIMP tana da kyau kuma kyauta ce babu talla, ba ta buƙatar intanet ko na buɗewa, tun fitowar 2.10 a 2018 tana aiki da bit 16 har 32 wanda ke rage matsalar layi-layin nan tun daga tushe, kuma ta 3.0 da ta fito a watan Maris 2025 ta zo da filtar da ake iya komawa a gyara. Ina da ita a laftof dan ranar da data ta ƙare. Amma yawancin fayil ɗin da ke yawo tsakaninmu da masu bugu PSD ne, kuma hannuna ya saba da tsarin Photoshop, shi ya sa na fi zama a Photopea. Snapseed a waya tana da lens bula da tsakin fim, ta isa sitatus, ban dai yarda in yi bana da ita ba. Photopea ma tana buɗewa a waya amma aikin mask da yatsa wahala ce, a nemi maus. Kuma a riƙa ajiye aiki a PSD lokaci-lokaci, shafin burawza ne, in wuta ta ɗauke batir ya mutu ko hannu ya kuskure ya rufe to sai abin da ka ajiye.

In maki ake so, a wajen bula da noyis na ba ta takwas cikin goma. Ɗaya na cire saboda wurin da talla ke ci a ƙaramin sikirin, ɗaya saboda nauyin lens bula a manyan fayil.

Ranar adu'ar tun da asuba muka ɗaure banar jikin kanofi kafin a jera kujeru. Wata tsohuwa da suka yi cinikin goro tare da Kaka, an riƙo ta da sanda daga Sabon Zango, ta tsaya a gabanta ta kai hannu daidai wajen billen ta riƙa shafawa tana kiran sunan da su kaɗai ke kiran ta da shi. Mma ta sa na buga mata ƙarami a takardar hoto, inci 8 da 10, an sa a firam yana ɗakinta saman akwatin Kaka. Gwaggo kuma ta kawo mini wasu guda shida a cikin ambulan, har da na kakanmu namiji a kan keke, wanda rabin fuskarsa tabon ruwa ya ci, shi nake kai yanzu.